Man ƙafa na fara shafawa a fuska kafin na gane kan yuriya

Ni dai fuskata irin mai bushewar nan ce tun ina yarinya, amma abin bai taɓa tsaya min a rai ba sai da na haura shekara talatin, a lokacin ne ta fara saɓa ka'in da na'in, kumatu, gefen baki, tsakanin gira, gefen hanci, duk sai su yi fari-fari kamar an barbaɗa min toka. In na wanke fuska kuwa minti biyu ba a yi sai na ji ta ɗaure tamau, ko murmushi na yi sai na ji fatar tana ja. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hoda, in zauna in ɓata lokaci gaban madubi in gyara komai tsaf, da rana ta ɗaga sai hodar ta bi ɓawon nan ta kwanta a kansa layi-layi ta tona min asiri, har wata abokiyar aikina ta taɓa kai hannu za ta kaɗe min wai wani abu ya maƙale min a kumatu. Fatata ce fa.

To kun san yadda tunanin mutum yake, in ka ga abu yana ɓarewa sai ka ce a kankare shi. Haka na yi ta yi wajen shekara guda. Na sayi abin dirzar fuska mai tsakuwa-tsakuwar nan, na sayi ƙaramin buroshi, wani lokacin ma da bakin tawul nake murzawa bayan wanka har sai wajen ya yi zafi, kuma gaskiya a ranar fuskar takan yi sumul, sai in ce alhamdulillahi an rabu da bukar, washegari da yamma ɓawon ya dawo har ya fi na jiya. Na haɗa da wani ruwan goge fuska mai asid a ciki, ga kuma retinol da nake shafawa da dare saboda tabon ƙuraje. Da abin ya ishe ni sai na koma lafta basilin, shi kuma abin da yake yi shi ne ya kwantar da ɓawon ya manne shi da fata, fuska ta yi ta ƙyalli, amma da na wanke komai yana nan inda na bar shi.

Ana nan sai na je wajen yayata kwana biyu. Ita matsalarta faso ne, diddigenta har jini yake yi, sai na ga ƙafar ta yi laushi kamar ba tata ba, nace Yaya me kika samu haka, ta miƙo min wata roba tace wannan ne, yuriya ake ce masa, ko sati biyu ban yi da farawa ba. Ni kuma kaina ya ba ni lissafi nan take, abin da ya iya da kaushin diddige ai ɗan ɓawon kumatu ba zai gagare shi ba. Ban tambaye ta ba ma, da dare na lakato da yawa na mulke fuskar nan har gefen ido.

Wayyo. Kamar an goga min garwashi. Raɗaɗin ya fi ƙarfi a gefen baki da kumatu inda na saba dirzawa, idona har ruwa yake yi, amma saboda taurin kai na daure na kwanta a haka ina ce wa kaina zafin nan alamar yana aiki ne. Dare na biyu ma na ƙara. A rana ta uku na tashi fuskar ta ɗan kumbura, kumatun sun yi wani duhu-duhu mai ja a ciki, ko ruwan sanyi ya taɓa sai na yi ƙara, Yaya na ganina tace ke me ya same ki, da na faɗa mata sai da ta riƙe baki, tace yanzu ke da hankalinki man ƙafa kika shafa a fuska, ba ki ga hoton ƙafa a jikin robar ba? Na gani mana. Na ɗauka ado ne.

Haka na tattara na tafi wajen likitar fata da robar a jakata. Ta karɓa ta juya bayanta ta nuna min wata lamba da ban taɓa kula da ita ba, 25%. Tace malama duk labarin yuriya a wannan lambar yake, mai ɗaya ne amma aikinsa yana canzawa da yawan da aka zuba. Daga kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari aikinsa jawo ruwa ya riƙe shi a saman fata, daga 10 zuwa 30 yana riƙe ruwan kuma yana sassauta matacciyar fata ta zube, daga 30 zuwa sama kuwa narkar da kauri yake yi, shi ake sa wa kanta da tafin ƙafa mai tauri, na 40 har farcen da ya lalace ake tausasawa da shi. Tace fatar tafin ƙafa ta ninka ta fuska kauri nesa ba kusa ba, ke kuma kin ɗauko na 25 kin ɗora a fuskar da kika riga kika kankare da buroshi da asid da retinol, me kike so ya yi miki?

Na yi tsuru-tsuru. Sai nace to likita shi kenan na bar shi har abada. Tace a'a, abin dariyar shi ne irin fatarki ce ma take buƙatarsa, lambar kawai kika kuskure da kuma lokacin.

A nan ne ta yi min bayanin da ya sauya min tunani gaba ɗaya game da ɓawon nan. Ashe ita fata kullum a cikin zubar da matattun ƙwayoyinta take, ɗaya-ɗaya yadda ido ba ya gani, kuma sinadaran da suke tsinke mannin da ke tsakanin ƙwayoyin nan sai da ruwa suke aiki. In saman fatar ya bushe sai aikin ya tsaya rabi da rabi, ƙwayoyin su kasa rabuwa, su riƙa ɗagowa a dunƙule, wannan dunƙulen shi ne ɓawon da nake gani a madubi. Kenan ni da nake dirzawa ina cire na yau ne kawai tare da yage na ƙasa da bai isa fita ba, ruwa ya ƙara samun hanyar tsere wa fatar, gobe ɓawo ya ƙaru. Shekara guda ina haƙa ramin da nake ƙoƙarin cikewa.

Sai na tambaye ta abin da yake cina a rai tun da na ji sunan, nace likita wai da gaske daga fitsari ake yin sa? Ta yi dariya tace kowa sai ya tambaya. Eh a cikin fitsari aka fara gano shi, hanta ce take haɗa shi ƙoda ta fitar, kuma yana fita a gumi ma, amma na cikin man shafawa a masana'anta ake yin sa daga amoniya da iskar kabon dayoksaid, babu ruwansa da fitsarin kowa. Daga baya da na zauna na karanta sai na ga ashe tun 1828 wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Friedrich Wöhler ya haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar mutum ko ta dabba ba, kuma wannan gwajin nasa babban abu ne a tarihin kimiyyar sinadarai. Shi ne dai sinadarin da ke cikin takin zamanin nan na yuriya, sai dai na magani da na shafawa tataccen ne mai tsafta, kar wata ta ce za ta jiƙa taki ta shafa don Allah. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne jin cewa fatarmu da kanta tana ɗauke da shi, yana cikin sinadaran da saman fata yake riƙe ruwa da su, kusan kashi 7 cikin ɗari nasu yuriya ne, kuma a busasshiyar fata yakan ragu. Har a jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya akwai kirim ɗinsa na kashi 5 da na kashi 10.

Amma fa ba a ranar na fara ba. Tace sati biyu kar na sa komai mai aiki a fuskar, babu asid, babu retinol, babu buroshi, babu yuriyar kanta, saboda a fatar da ta tsage ko na kashi 5 ne zai yi zafi. Sabulun wankan da nake wanke fuska da shi tace na ajiye, na nemi abin wanke fuska marar kumfa sosai marar turare, sau ɗaya da dare, da safe ruwa zalla ya isa, kuma ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi ba mai zafin nan da nake so ba. Bayan wanki wani kirim sassauƙa da basilin kaɗan a kai. Sati biyun nan sun fi min komai wuya wallahi, ɓawo ya fito ya yi kaca-kaca hannuna yana ƙaiƙayin ya ɓare, sai da na ɗauke buroshin na jefa a shara dan na san halina.

Sayen man ma wani aiki ne. Na shiga kantin magani na ɗauko wani loshan na juya bayansa na ga kalmar urea a jerin abubuwan da ke ciki, har na nufi wajen biya, sai mai ba da maganin ya duba yace Hajiya wannan ba shi ba ne fa. Ashe abin da aka rubuta imidazolidinyl urea ne, akwai ɗan'uwansa diazolidinyl urea, su waɗannan ana zuba su ne dan kar mai ya lalace, ba sa yin aikin da nake nema, har ma wasu fatarsu ba ta shiri da su. Wanda ake nema Urea kawai ake rubutawa ita kaɗai, wani lokacin carbamide, kuma masu na gaskiyar yawanci suna buga lambar ɓaro-ɓaro a gaban roba. In babu lamba kuma ka ga sunan can ƙarshen jeri to ɗan kaɗan ne aka ɗiga. Na samu na fuska mai 5%, marar turare, da giliserin da seramaid masu taimaka wa fata riƙe danshi a ciki, shi na ɗauka.

Wannan karon na yi hankali. Dare uku ina ɗiga kaɗan a ƙasan muƙamuƙi kusa da kunne ina jira in ga abin da zai faru, babu ja babu ƙaiƙayi, sannan na hau fuska. Yadda likitar ta koya min, in na wanke kar na goge ta bushe ƙarau, na ɗan dadanna tawul kawai na bar ta da danshi, sai na matso kamar girman ƙwayar magani na ɗiɗɗiga a goshi da kumatu da haɓa na shafa a hankali, na kauce wa fatar ido da leɓe da duk inda yake da tsaga. Maganar danshin nan da farko na ɗauka iyayi ne, amma da na tuna aikin man shi ne kama ruwa sai na ga ai dole a ba shi ruwan da zai kama.

Daren farko ya ɗan yi min tsikari, wani ɗan cizo-cizo a gefen baki, gabana ya faɗi nace shi kenan an koma gidan jiya, na tsaya da tawul a hannu ina kallon agogo, kafin minti biyu ya lafa. Daman ta ce min ɗan tsikarin da yake wucewa da wuri ba komai ba ne a kwanakin farko, wanda za a wanke a daina shi ne zafin da yake ƙaruwa ko ya zo da kumburi ko ƙuraje. Satin farko dare ɗaya nake shafawa in tsallake ɗaya. Ban ga wani abin a zo a gani ba a madubi, gaskiya har na fara tsaki, abu ɗaya dai na lura da shi, ɗaurewar nan ta bayan wanka ta ragu, ina iya yin hamma ba tare da na ji kamar kumatuna za su yage ba.

Sati na biyu na koma kullum da dare. A nan ne wani abu ya faru da ya ba ni mamaki, ina wanke fuska da yatsu kawai sai na ji wani abu yana murmushewa a ƙarƙashin hannuna kamar dattin da ya jiƙa, ɓawon ne yake fita da kansa ba tare da na dirza ba, kuma wajen da ya fita bai yi ja ba, bai yi zafi ba. Na daɗe a tsaye ina shafa kumatuna kamar wata sabuwar shiga. Zuwa sati na huɗu kumatu da goshi da haɓa sun daina saɓa gaba ɗaya, na shafa hoda ta zauna lafiya har yamma. Daman an ce saman fata yana ɗaukar wajen sati huɗu kafin ya sabunta, to nawa lissafin ya zo daidai da hakan.

Ba wai babu abin haushi ba. Man yana da ɗan danƙo, in na shafa da yawa sai na ji fuskata tana kama matashin kai, kuma da na gwada shi da safe a ƙarƙashin man kariyar rana sai suka riƙa murɗewa suna fita kamar zare-zare, sai da na gane cewa in rage yawansa in kuma ba shi kamar minti goma ya shige kafin na ɗora wani abu. Ranakun da iska ta bushe sosai kuma, ko na wuni a ɗaki mai esi, shi kaɗai ba ya isata, sai na ɗora basilin siriri a kansa da dare, shi yuriya ya kama ruwan shi kuma basilin ya rufe ƙofa. Basilin ɗin da na gama zagi a baya ashe ba shi da laifi, aikin da ba nasa ba na ba shi. Akwai kuma robar da na manta a mota kwana da kwanaki cikin zafi, da na buɗe sai na ji wani wari mai hawa kai irin na amoniya, ashe zafi yana sa yuriya ta fara rushewa, na yar da ita na sayi wata.

Kuskure na biyu da na tafka shi ne dawo da retinol. Da na ga fuska ta yi kyau sai na ce bari na ci gaba da yaƙi da tabo, na shafa retinol na ɗora yuriya a kai a dare ɗaya, kwana uku a jere, sai ga gefen bakina ya fara ja yana saɓa kuma. Da na koma wajen likita tace ai na gaya miki, yuriya tana buɗe wa sauran abubuwa hanya su shiga fata sosai, shi ya sa ma ake haɗa ta da wasu magungunan shafawa da gangan, to retinol ɗin da kika saba da shi ya zama kamar kin ƙara masa ƙarfi. Ta ce na raba musu dare, retinol sau biyu a sati da kirim sassauƙa, sauran dararen yuriya. Asid ɗin kuwa ban sake komawa kansa ba, ban ga abin da zai yi min wanda ba a riga an yi ba.

Saura wuri ɗaya da ya ƙi ji ya ƙi gani, gefen hanci da cikin gira. Ko'ina ya warke amma nan kullum da ɓawo, kuma da na duba da kyau sai na ga nasa daban ne, ba fari busasshe ba ne irin na kumatu, yana da maiƙo-maiƙo da ɗan rawaya, yana ƙaiƙayi, in na ƙara mai a wajen ma kamar ƙara masa ƙarfi nake. Na nuna wa likitar, ta duba ta ɗaga gashina ta leƙa fatar kaina da bayan kunne, tace kina da amosanin kai ko? Nace tun ina makaranta. Tace to wannan ɗan gidansu ne, ba bushewa ba ce, wani naman gwari ne mai suna Malassezia da yake zaune a fatar kowa, yana son wuraren da suke da maiƙo, a wasu mutanen sai fata ta yi fushi da shi ta riƙa ja tana saɓa. Ta rubuta min kirim ɗin ketoconazole na kashi 2 na shafa a wuraren kawai, da shamfu ɗinsa na kai. Cikin sati biyu zuwa uku wajen ya kwanta. Yakan dawo jefi-jefi musamman in na gaji ko sanyi ya shigo, in ya dawo na san wanda zan ɗauko, kuma ba robar yuriya ba ce. Na yi ta tunanin da ban je an duba ba da har yau ina nan ina lafta mai a gefen hanci ina cewa man ne ba shi da kyau.

Na taɓa gwada na kashi 10 da sanyi ya tsananta, ina ganin ko zai fi. A goshi lafiya lau, a kumatu kuwa tsikarin bai daina ba har kwana biyar, sai na mayar da shi na gwiwar hannu da ƙwauri inda ya yi min aiki sosai, fuska ta koma kan 5 ɗinta. Wata ƙawata ita 10 ɗin take shafawa a fuska ba abin da yake mata, fatar kowa da irin haƙurinta. Sannan wanda yake tunanin zai shafa wata ɗaya ya warke ya ajiye, ni dai ba haka na gani ba, na yi tafiya na manta robar a gida, kwana shida ko bakwai sai ga farin nan ya fara leƙowa a gefen baki, ina dawowa na ci gaba ya koma. Yanzu ƙaramar roba ɗaya tana zaune a jakar tafiyata ba ta fita.

Rannan Yaya ta zo gidana ta kwana, da dare na fito daga wanka na tarar da ita zaune a bakin gado ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya tana matsa ɗan kirim ɗin fuskata a diddige, wai ta manto nata. Nace Yaya wannan kashi 5 ne fa, babu abin da zai yi wa fasonki, ƙarar min da shi kawai za ki yi. Tace ke da kika shanye min rabin nawa a kumatu har kina da bakin magana, miƙo min safa.